Karatu ta Intanet: A Horar da Malami, a Shirya Ɗalibi

  Yau za mu tattauna a kan karatu ta intanet a manyan makarantu, da abubuwa biyu da wannan karatu ba ya yiwuwa sai da su, wato horon malami da shirin ɗalibi.

Duk wanda ya san Tudun Wadar Zariya ya san unguwa ce da makarantu suka yi wa zobe. Ga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga makarantar horon malamai ta tarayya da aka kafa tun 1962, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga Kwalejin Barewa can wajen Gaskiya. In ka shiga ta Ƙofar Doka kuma, ga zaurukan malaman birni da suka shekara ɗaruruwa suna ba da karatu. Da wuya ka sami gida a Tudun Wada, ko Gyallesu, ko Tudun Jukun, da babu ɗalibi ko malami a cikinsa. Saboda haka in ana maganar sauya yadda ake koyarwa, mu ake nufi.

Sauyin kuwa ya riga ya iso. Jami'ar Ahmadu Bello tana da Cibiyar Karatu daga Nesa, inda ake yin digiri ta intanet a fannoni irin su harkokin kasuwanci da aikin gwamnati da aikin jinya. Ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita zamanin Shugaba Obasanjo. Ko a makarantun da ake zuwa aji kullum, yanzu da wuya a sami kwas ɗin da ba shi da zauren WhatsApp ko Telegram, inda ake tura takardun darasi da sanarwar jarrabawa. Dalilin a fili yake. Duk shekara matasa kusan miliyan 2 ke zama jarrabawar JAMB, kuma waɗanda ke samun gurbi ba su kai wannan adadi ba ko kusa. Ga malaman firamare da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa da ke son ƙaro ilimi ba tare da sun bar abincinsu ba. Ga matan aure da raino ya tsare su a gida alhali ƙwaƙwalwarsu na neman karatu. Ga duk waɗannan, karatu ta intanet rahama ce, kuma ni ina cikin masu goyon bayansa ba tare da wata shakka ba. Abin da nake tsoro shi ne a shige shi da gaggawa, a ɓata shi, har mutane su yanke ƙauna daga gare shi.

Mun ga irin haka a 2020. A watan Maris na shekarar aka rufe makarantu saboda annobar korona. Cikin watan Afrilu, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci shugabannin manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Umarnin ya zo daidai lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ke yajin aikin da ya kai har watan Disamba, wata 9 cur. To amma ko da babu yajin aiki, tambayar ita ce, wa aka horar? Malami nawa aka taɓa zaunar da shi aka nuna masa yadda ake tsara darasin da ɗalibi zai bi shi kaɗai a ɗakinsa? Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya faru a wurare da yawa shi ne, malami ya ɗauki takardun da ya saba karantawa a aji, ya ɗauke su hoto, ya jefa a WhatsApp, aka ce an yi karatu. Wani kuma ya buɗe Zoom ya yi awa biyu yana karanto littafi, ɗalibai sun kashe kyamara, sun kashe murya, wani yana kasuwa, wata tana girki, wani data ta ƙare masa tun minti 20 na farko bai ma sanar da kowa ba.

Ba laifin malaman nake gani ba, masu sauraro. Mutum ya shekara 20 yana koyarwa a gaban allo, ya ƙware, ɗalibansa suna yaba shi. Ƙwarewarsa ta ginu ne a kan idonsa. Yana magana yana duban fuskoki. Da ya ga goshi ya tattare a layin baya, ya san ba a gane ba, sai ya sake bayani, ya kawo misali, wani lokaci ya juya zuwa Hausa. Ranar da aka ɗora shi a intanet, an raba shi da wannan ido. Dole a koya masa abin da zai maye gurbinsa, kuma wannan sana'a ce mai zaman kanta da ake koyo.

Me ya kamata horon ya ƙunsa? Na farko, yadda ake yanka darasi gunduwa-gunduwa. Laccar awa biyu ba ta zama a waya. Ana raba ta gida-gida, kowane kashi minti 10 zuwa 15, kowanne da abu ɗaya da ake so ɗalibi ya fita da shi. Na biyu, yadda ake rubuta wa ɗalibi jagora a sarari: wannan mako ga abin da za ka karanta, ga abin da za ka saurara, ga jingar da za ka yi, ga ranar da za ka miƙa ta. Ɗalibin da ke nesa ba shi da abokin zama da zai taɓa ya tambaya me malam ya ce. Na uku, yadda ake tsara tambayoyin da ba a kwafo amsarsu. Yau da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shigo wayar kowa, tambayar da ta tsaya a kan kawo ma'anar abu kaza ta daina auna komai. Amma in ka ce wa ɗalibin harkar kasuwanci ya je kasuwar Tudun Wada ya zauna da mai sayar da hatsi, ya rubuto yadda yake lissafin riba da faɗuwa, sannan ya kare abin da ya rubuta da bakinsa, to ka san ko ya yi karatu ko bai yi ba.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne mayar wa ɗalibi da amsa. A makarantar allo, yaro ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya, malam ya ji da kunnensa, ya gyara masa inda ya karkace, sannan ya ba shi izinin ƙari. Wannan shi ne ƙashin bayan kowane irin karatu, a zaure ne ko a waya. Ɗalibin da ya tura jinga ya yi wata biyu bai ji an ce ya yi daidai ko ya yi kuskure ba, an bar shi ne da allon da babu mai duba masa. Malamin intanet dole ya san cewa amsa tambaya cikin kwana biyu ko uku rabin aikinsa ne, kuma hukumar makaranta dole ta san cewa mutum ɗaya ba zai iya yi wa ɗalibai 1,000 haka ba.

A nan ya kamata mu dubi waɗanda suka riga mu. Ingila ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'arta a 1969, ɗaliban farko suka fara karatu a 1971, tun babu intanet, da littattafai ta gidan waya da shirye-shiryen rediyo da talabijin na BBC. Abin da ya ɗaga darajarta abu biyu ne. Kowane kwas ƙungiya ce ke haɗuwa ta tsara shi, da masanin fannin, da masanin dabarun koyarwa, da edita, da mai haɗa sauti da hoto. Sannan kowane ƙaramin rukuni na ɗalibai yana da malami mai kula da shi, wanda ya san sunan kowa, yake duba jinga yana rubuta gyara. A ɗaya ɓangaren kuma, daga 2012 manyan jami'o'in Amurka suka buɗe darussa kyauta ga duniya ta dandamali irin su Coursera da edX. Miliyoyin mutane suka yi rajista, amma mafi yawansu ba su kai ƙarshe ba, duk da cewa malaman fitattu ne kuma na'urorin babu na biyunsu. Abin da aka rasa shi ne mutumin da zai lura cewa wane ya ɓace mako biyu, ya neme shi ya ji ko lafiya.

Ba ma sai mun je Turai ba. Nan Zariya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, kuma daga nan aka riƙa buga littattafan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, har da jaridun larduna irin su Bazazzaga. Waɗanda suka tsara wannan yaƙi ba su tsaya a kan buga littafi ba, sai da suka horar da masu koyar da manya suka watsa su ƙauyuka. Haka a 1976, da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka ga babu isassun malamai, sai aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Ta horar da ɗimbin malamai daga nesa, da littattafan da aka rubuta musamman don mai karatu shi kaɗai, da cibiyoyin da ake haɗuwa da masu koyarwa a ƙarshen mako da lokacin hutu. Ashe karatu daga nesa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Magabata sun san cewa kayan aiki ba sa koyarwa da kansu, sai da mutum horarre a bayansu.

Ina kira da a daina ɗaukar bitar kwana uku a matsayin horo. Bitar da za a tara malamai 200 a zaure ɗaya, a haska musu allo, a raba takardar shaida a watse, ba ta sauya yadda mutum ke koyarwa. Horon gaskiya shi ne a mayar da malamin kansa ɗalibin intanet na wasu makonni, ya bi darasi a wayarsa, da datarsa, ya tura jinga, ya jira amsa, ya ɗanɗana yadda sabis ke yankewa ana tsakiyar bayani. Daga nan ya tsara darasi ɗaya nasa, abokan aikinsa su duba su yi masa gyara, kafin a sake shi ga ɗalibai. Sannan a biya shi wahalarsa. A yau ƙarin girma a jami'a ya fi rataya a kan maƙalun da malami ya buga. In aka ƙi lissafa watannin da ya kwashe yana tsara kwas na intanet, to an gaya masa ke nan cewa aikin ba shi da daraja. Asusun TETFund, da ya daɗe yana ɗaukar nauyin ƙaro karatun malamai, shi ya fi cancanta ya riƙe wannan horo da hannu biyu, kamar yadda yake riƙe gine-gine.

Yanzu mu juya ga ɗalibi. Mutane da yawa suna zaton tunda yaran zamani ba sa rabuwa da waya, to a shirye suke. Wannan zato ne da ke cutar da yaran. Iya kallon TikTok da tura saƙon murya daban, iya karatu da waya daban. Ku je shagunan kwamfuta da ke kan hanyar Kongo lokacin rajista ku gani. Yaro zai shigo da takardunsa a leda, ya miƙa wa mai shago, ya koma benci ya zauna. Mai shago ne zai buɗe masa imel, shi zai zaɓa masa kalmar sirri, wani lokaci ma lambar wayarsa zai saka don aiki ya yi sauri, ga layi na jira. A buga wa yaro takarda, ya biya, ya tafi yana murna an gama. Bayan wata uku makaranta ta tura saƙo ta wannan imel cewa za a yi gwaji ranar kaza. Yaro bai san sunan imel ɗinsa ba, balle kalmar sirri. Ya koma shago, a ce yaron da ya yi masa rajista ya bar aiki. Haka gwaji zai wuce shi, ba don ba shi da ƙwaƙwalwa ba, sai don babu wanda ya taɓa zaunar da shi na awa ɗaya ya nuna masa.

Mun ga irin wannan tun lokacin da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015. Yara da dama daga makarantun gwamnati da na ƙauye, ranar jarrabawa ce ranar da suka fara ɗora hannu a kan kwamfuta. Ga hukumar WAEC ita ma ta kama wannan hanya. In yaro ya fito sakandare bai iya buga shafi ɗaya ba, bai iya ɗora takarda a shafin makaranta ba, to matsalarsa ta fara tun kafin ya shiga jami'a, kuma gyaran dole ya faro daga can.

Sai batun guzuri, wato waya da wuta da data. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Awa ɗaya ta darasin bidiyo kai tsaye tana cin ɗaruruwan megabait, wani lokaci ta doshi gigabait guda, alhali sautin murya na minti 15 'yan megabait kaɗan yake ci, kuma ɗalibi zai sauke shi sau ɗaya ya yi ta saurare har ya gane. Wuta kuwa, ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta yi kwanaki a cikin duhu, mutane suna bin layi a wurin masu cajin waya. Ba mu manta da 2021 ba, da aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Jihar Kaduna saboda matsalar tsaro. Duk makarantar da za ta koyar da ɗan Arewa ta intanet, ta tsara darasinta da sanin waɗannan. A rage dogaro da bidiyo kai tsaye, a yawaita sauti da rubutu marar nauyi, a ba da tazarar kwanaki wajen miƙa jinga, kuma a tuna da rediyo, wanda har gobe yana nan a gidajenmu da dama.

Abu na ƙarshe a shirin ɗalibi shi ne riƙon kai. A aji, ƙararrawa da idon malami da kunyar abokai suna tura mutum. A intanet babu mai tura ka. Wanda bai iya ware wa kansa awa biyu kullum ya kashe sauran hirarraki ya zauna da littafi ba, zai tara darussan wata uku ya ce zai haɗiye su a daren jarrabawa, daga nan sai neman wanda zai rubuta masa. Shi ya sa nake ganin wajibi ne kowace makaranta ta buɗe zangon farko da makonnin share fage, kafin a taɓa ainihin kwas. A gwada kowane ɗalibi: ya shiga shafin makaranta da kansa, ya sauke darasi, ya rubuta shafi ɗaya ya ɗora, ya yi tambaya a zauren tattaunawa, ya tsara jadawalin makonsa. Wanda ya kasa, kada a kore shi, a tsaya a koya masa. A kuma faɗa wa mai neman shiga gaskiya tun kafin ya biya kuɗi: ga awannin da karatun zai ci maka a mako, ga irin wayar da kake buƙata, ga kimanin datar da za ka saya a wata. Karɓar kuɗin mutumin da aka san ba zai iya ba, ba tare da an gargaɗe shi ba, cin amana ne.

Gida ma yana da nasa rabo. Maigida, in ka amince matarka ta yi digiri daga ɗaki, ka cika alherinka. Ka sani cewa lokacin da ta riƙe waya da littafi aji take, a ɗauke mata yara na wannan awa, a saya mata data kamar yadda ake sayen cefane. Iyaye, ku riƙa tambayar yaranku abin da suka koya a wannan mako, kada ku tsaya a kan biyan kuɗin makaranta kawai. Masu hali da ƙungiyoyin unguwa a Tudun Wada, ɗaki ɗaya mai sola da 'yan kwamfutoci da intanet, a jikin makarantar Islamiyya ko ɗakin karatu, zai fitar da yara da yawa daga ƙunci, kuma sadaka ce mai gudana. Ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta da ke zaune lokacin hutu, ku tara ƙannenku ku koya musu buɗe imel da adana kalmar sirri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga hukumomin da ke sa ido, wato Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, da Hukumar Ilimin Fasaha da ke Kaduna, da ta kwalejojin ilimi, roƙona shi ne in kun je tantance shirin karatu daga nesa, kada ku tsaya a ƙirga kwamfutoci. Ku tambayi malami nawa aka horar kuma na tsawon wane lokaci. Ku tambayi ɗalibi nawa ke hannun malami ɗaya. Ku tambayi kwana nawa jinga ke yi kafin a mayar da ita da gyara. Ku tambayi mutum nawa suka fara, nawa suka kammala. Amsar waɗannan tambayoyi ita za ta nuna ko ana ba da ilimi ne ko takarda kawai ake bayarwa. Ma'aikaciyar jinyar da ta yi digiri ta intanet, marasa lafiyarmu za ta duba. Malamin da ya yi nasa ta waya, 'ya'yanmu zai koyar. In karatunsu ya zama holoƙo, mu za mu kwashi asarar.

Jama'a masu sauraro, Zazzau ta yi suna da ilimi ne saboda malamanta sun san abin da suke koyarwa kuma sun san yadda ake koyar da shi. Kada zuwan sabuwar na'ura ya sa mu sassauta wannan mizani. Shugabannin makarantu, ku horar da malamanku kafin ku buɗe rajista. Malamai, ku karɓi horon da zuciya ɗaya, neman sani ba ya rage girman malami. Ɗalibai, ku shirya kanku kafin ku biya kuɗi, ku riƙe sirrin shafinku a hannunku, ku ba karatun lokacinsa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa albarka a cikin karatun 'ya'yanmu.